Folda Biyu, Aiki Ɗaya: Yadda Ake Gyara Ninkin Foldoji a Manhajar Imel ta Kwamfuta

Wanda ya daɗe yana karanta imel ɗinsa a manhajar kwamfuta irin su Thunderbird ko Outlook, wata rana zai duba jerin foldojin da ke gefen hagu ya tarar abubuwa sun ninku. Ga Sent, ga Sent Items, can ƙasa kuma ga Sent Messages. Kwandon shara biyu, ɗaya Trash, ɗaya Deleted Items. Wasiƙar da ya aika jiya tana cikin wannan, ta makon jiya tana cikin waccan, ta bara kuwa sai an yi da gaske kafin a gano ta. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne a goge guda a huta, kuma a nan ne mutane suke tafka asara. Folda biyu masu suna kusan iri ɗaya ba lallai ne kayan cikinsu ya zama ɗaya ba. Sau da yawa rabin wasiƙunka suna nan, rabi suna can. Gogewa ita ce aikin ƙarshe, kuma akwai ayyuka huɗu a gabanta.

Sai an san inda matsalar ta samo asali gyaran yake ɗorewa. Hanyoyi biyu ne manhaja ke bi ta karɓo imel. Tsohuwar hanyar POP saukar da saƙonni take yi cikin kwamfutarka, foldojin da ka ƙirƙira kuwa a kwamfutar kaɗai suke zaune. Ɗaya hanyar ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a jami'ar Stanford a 1986, kuma ita mafi yawan mutane ke amfani da ita yau. A IMAP, saƙonni da foldoji suna zaune ne a sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatinka. Duk abin da ka yi a manhaja, a can ake aikata shi. Ka goge folda a kwamfutar ofis, ta ɓace a waya, ta ɓace a kwamfutar gida.

To amma ƙa'idar IMAP suna ɗaya tak ta tsayar wa kowa, shi ne INBOX. Sauran, wato inda za a ajiye abin da aka aika, da wanda aka goge, da wanda ba a gama rubutawa ba, an bar wa kowace manhaja ta raɗa sunan da ta ga dama. Thunderbird ta ce Sent da Trash. Outlook ta ce Sent Items da Deleted Items. Manhajar Mail ta Apple ta ce Sent Messages da Deleted Messages. Idan manhaja ta shiga akwatinka ba ta ga sunan da ta sani ba, ba ta tambayar kowa, nata take ƙirƙira. Kamar shago ne mai yara uku, kowane yaro ya buɗe nasa littafin bashi: babu wanda ya rubuta ƙarya, amma babu littafi ɗaya da zai gaya wa maigida abin da yake bin mutane. Sai a 2011 aka fitar da ƙarin ƙa'ida mai lamba RFC 6154, wadda ta ba sabar damar yi wa folda alama ta ce wannan ce ta aikawa, wannan ce ta shara, ko da wane suna aka ba ta. Hakan ya rage matsalar sosai, amma bai kwashe foldojin da aka riga aka ƙirƙira ba, kuma ba kowace sabar ce aka saita ta da wannan alamar ba.

Harshe ma yana ƙara wa abin nauyi. Ma'aikaci a Maraɗi ko Damagaram da ke amfani da Outlook ta Faransanci a ofis, wayarsa kuma tana kan Ingilishi, zai iya samun Éléments envoyés da Sent a akwati ɗaya, ga Éléments supprimés ga Trash.

Aikin farko ba a cikin manhajar ake yin sa ba. Buɗe burauza, ka shiga akwatinka ta shafin kamfanin da ke riƙe da shi, ko Gmail ne, ko Yahoo, ko shafin imel na ma'aikatarku. Abin da ka gani a nan shi ne ainihin abin da ke sabar. Ɗauki takarda ka rubuta sunayen foldojin da suka ninku da adadin saƙonnin da ke cikin kowace, sannan ka kwatanta da abin da manhajar ke nunawa. Amsar ɗaya ce cikin uku. Ko dai foldojin biyu duk suna sabar, ko kuwa ɗaya ce a sabar manhajar ce ke nuna ta sau biyu, ko kuma ta biyun a kwamfutarka kaɗai take. Ta ukun nan ta fi haɗari, domin abin da ke cikinta ba shi da kwafi a ko'ina.

Aiki na biyu adanawa ne, kuma ban yarda a tsallake shi ba ko da mutum yana ganin minti biyar zai gama. A Thunderbird, shiga Help, ka zaɓi Troubleshooting Information, ka gangara zuwa layin Profile Folder ka danna Open Folder. Wurin da ya buɗe shi ne ma'ajiyar komai naka, a Windows tana ƙarƙashin %APPDATA%\Thunderbird\Profiles. Rufe Thunderbird gaba ɗaya, sannan ka kwafi wannan foldar zuwa filashi ko wani diski. Sai dai ka sani, kwafin yana ɗauke ne da abin da aka riga aka saukar kawai. Idan akwai foldar IMAP da ba ka taɓa saukar da ita ba, kwafi saƙonninta tukuna zuwa Local Folders, wato sashen foldojin da ke zaune a kwamfutar kaɗai. A tsohuwar Outlook ta kwamfuta kuwa, ta File za ka bi, sai Open & Export, sai Import/Export, ka fitar da komai zuwa fayil mai ƙarshen pst.

Yanzu mu fara da mai sauƙin. Thunderbird tana da salo da dama na nuna foldoji: All Folders, Unified Folders, Favorite, Unread, Recent. Ana iya kunna fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma tun fitowa ta 115 a 2023 maɓallin zaɓensu yana nan a saman jerin foldojin, inda hannu kan taɓa shi ba da niyya ba. Idan biyu suna kunne, akwatin shiga zai bayyana sau biyu alhali guda ne. Shiga View, sai Folders, ka bar alama a kan All Folders kaɗai. In ninkin ya ɓace, shi ke nan. Haka nan Trash ɗin da ke ƙarƙashin Local Folders ba ninki ba ne, na kwamfutar ne, a bar shi. Ka kuma duba ko ba a shigar da asusu ɗaya sau biyu ba, sau ɗaya da POP, sau ɗaya da IMAP. Wannan kan faru idan wani ya zo gyara imel ya ƙara sabon asusu bai cire tsohon ba. Kafin ka cire na POP, kwashe saƙonninsa zuwa Local Folders, domin mai yiwuwa ne an daɗe da goge su daga sabar.

Babban aikin yana kan foldojin da duk biyun suke sabar. A nan dole ka yanke hukunci: wacce za ta zauna? Ra'ayina shi ne a bar wadda shafin burauza yake amfani da ita. Gwajin ba wuya: aika wa kanka saƙo daga burauza, ka ga foldar da ya faɗa. Goge wani saƙon banza, ka ga kwandon da ya shiga. Waɗannan su ne foldojin da sabar ta sani a matsayin nata, ba za ta yarda ka goge su ba ma a mafi yawan lokuta, kuma duk sabuwar wayar da ka saya su za ta nema. Jayayya da sabar ɓata lokaci ne.

Da ka tsayar da wadda za ta zauna, sai ka juya manhajar ta koma kanta. A Thunderbird, buɗe Account Settings, ƙarƙashin asusun ka shiga Copies & Folders. A wurin da aka rubuta Place a copy in, zaɓi Other, ka nuna mata foldar da ka tsayar. Yi haka ga Drafts da Archives da Templates a wannan shafin. Kwandon shara yana wani wurin dabam: Server Settings, layin When I delete a message, ka zaɓi Move it to this folder ka nuna kwandon da ya dace. Na saƙonnin banza yana Junk Settings. Sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Za ka lura tsohuwar foldar ta rasa hotonta na musamman ta koma folda kamar kowace, kuma sai a lokacin umarnin Delete zai bayyana a kanta. Mutane da yawa suna ƙorafin cewa Thunderbird ta hana su goge folda, alhali dalilin ke nan: tana kare foldar da take amfani da ita ne.

Akwai wani ƙaramin akwati a shafin Server Settings mai suna Empty Trash on Exit. Cire masa alama kafin ka taɓa saitin kwandon shara. Idan yana kunne, ka kuma yi kuskuren nuna foldar da ke da kaya masu amfani a matsayin kwando, rufe manhajar kaɗai ya isa ya share su.

Kada ka tsaya a kwamfuta ɗaya. Duk na'urar da ke buɗe wannan akwati sai an juya ta, in ba haka ba foldar da ka goge yau za ta dawo gobe da zarar an aika saƙo daga waya. Wannan ne sirrin foldar nan da ake cewa ta ƙi mutuwa. A Mail ta kwamfutar Apple, zaɓi foldar, ka shiga menu na Mailbox ka nemi Use This Mailbox As. A iPhone, saitin yana cikin Advanced na asusun, ƙarƙashin Mailbox Behaviors. Idan akwatin na ofis ne da mutum uku ko huɗu ke buɗewa, kamar adireshin da ake karɓar takardun neman aiki ko odar kaya, ku haɗu ku gyara a rana ɗaya.

Sai kwashe kaya. Idan foldojin biyu suna sabar, na fi son a yi wannan aiki a burauza, domin a can babu abin da zai bi ta layin intanet ɗinka, umarni kawai kake bayarwa. In kuwa a manhaja za ka yi, buɗe tsohuwar foldar, ka zaɓi saƙonnin, ka danna maɓallin dama na linzami ka zaɓi Copy To, ba Move To ba. Ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, ɗari biyu ko uku, musamman inda sabis ke yankewa. Sauri kan haifi nawa a wannan gaɓar: wanda ya ja saƙo dubu goma lokaci guda layi ya tsinke a tsakiya, zai kwana yana lissafin wanda ya wuce da wanda bai wuce ba. Idan daga kwamfuta kake ɗora saƙonni zuwa sabar, tuna cewa kamfanoni suna da iyaka. Google, alal misali, ya ƙayyade wa asusun Workspace megabait 500 a rana na ɗorawa ta IMAP. Bayan ka gama, koma ga takardar nan da ka rubuta adadi, ka tabbata lissafi ya fita.

Ko bayan haka ba na goge tsohuwar foldar nan take. Sauya mata suna, ka sa mata wani abu kamar tsohuwa-Sent, ka bar ta mako guda. Idan a cikin makon wata sabuwar folda mai tsohon sunan ta ɓullo, akwai na'urar da ka manta ba ka juya ba. Idan shiru, sai ka goge. Duba kuma Message Filters a menu na Tools, domin duk dokar da ka kafa ta tura wasu saƙonni zuwa tsohuwar foldar tana buƙatar sabon adireshi.

Gmail sai an ware masa nasa bayani, domin shi ba foldoji gare shi ba. Tun fitowarsa a 2004 laƙabi yake maƙala wa saƙo, kuma saƙo ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi biyar. Da ya buɗe ƙofar IMAP a 2007, sai ya riƙa nuna wa manhajoji kowane laƙabi a matsayin folda. Shi ya sa za ka ga saƙo ɗaya a Inbox, ka gan shi a Important, ka gan shi a Starred, ka kuma gan shi a All Mail. A sabar guda ɗaya ne. Wanda bai san haka ba yakan shiga All Mail ya ce ai waɗannan duk maimaici ne, ya zaɓe su ya tura kwandon shara. A Gmail, saƙon da ya shiga Trash ya fita daga kowane laƙabi, kuma bayan kwana 30 za a share shi gaba ɗaya. Wannan kuskure ɗaya yana iya tafiya da wasiƙun shekara goma. Kada ka taɓa share All Mail da sunan rage ninki.

Foldojin Gmail na asali suna ƙarƙashin wata uwar folda mai suna [Gmail], a wasu tsofaffin asusun Birtaniya da Jamus kuma [Google Mail]. A ciki ne Sent Mail da Drafts da Spam da Trash suke, sai dai mai amfani da Ingilishin Birtaniya zai ga Bin a madadin Trash. Idan manhaja ta ƙirƙiri nata Sent ko Trash a waje, a burauza za ka gan su a matsayin laƙabi masu suna [Imap]/Sent ko [Imap]/Trash. Ganin waɗannan shaida ce cewa wata manhaja ba ta nuni zuwa inda ya dace. Juya ta zuwa na ƙarƙashin [Gmail], sannan ka cire laƙabin daga burauza. Cire laƙabi ba ya goge saƙo, yana nan a All Mail. Game da abin da aka aika kuwa, Gmail da kansa yake ajiye kwafi duk lokacin da saƙo ya bi ta sabar aikawarsa, don haka a Thunderbird cire alamar Place a copy in baki ɗaya.

Don rage cunkoso, shiga saitin Gmail a burauza, ka buɗe shafin Labels. A gaban kowane laƙabi akwai akwatin Show in IMAP. Ni kan cire wa Important alama, domin babu abin da yake ƙara mini. All Mail kuwa ina barin sa, saboda can maɓallin Archive yake kai saƙo, amma ina hana Thunderbird saukar da shi: Synchronization & Storage, sai Advanced, a cire masa alama. Ga mai sayen data da kuɗinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin saukar da All Mail yana nufin sauke kusan kowane saƙo sau biyu, har da hotuna da takardun da ke maƙale.

Wani nau'in ninkin yana addabar masu adireshi da sunan kamfaninsu ko makarantarsu. Wasu sabobin suna jera dukkan foldoji a ƙarƙashin INBOX, sai ka ga Sent da Trash sun zama 'ya'yan akwatin shiga, manhaja kuma ta ƙirƙiri nata a sama. Maganin shi ne a gaya wa manhajar inda tushen yake. A Thunderbird, Server Settings, sai Advanced, a rubuta INBOX a gurbin IMAP server directory. A Outlook sunan gurbin Root folder path. Ga Gmail ban ba da shawarar rubuta [Gmail] a wannan gurbi ba, ko da yake yana sa jerin ya yi kyau, domin laƙabin da ka ƙirƙira da kanka za su daina bayyana.

Outlook tana da tarko nata. Tun fitowar 2013 ba ta barin mai asusun IMAP ya zaɓi foldar aikawa da hannunsa, abin da sabar ta gaya mata take bi. In ba ta samu bayani ba, sai ta buɗe folda a kwamfutar ta rubuta This computer only a gefen sunan. Abin da ke ciki yana zaune ne a fayil mai ƙarshen ost, wanda Outlook ke iya rushewa ta sake ginawa idan aka cire asusun ko aka sauya Root folder path. Lambobin mutane da kalanda ma sukan zauna a irin wannan folda. Fitar da su zuwa pst kafin ka taɓa komai. Don ɓoye foldar da ba ka so ka gani ba tare da ka goge ta ba, danna maɓallin dama a kan akwatin shiga, ka zaɓi IMAP Folders, ka danna Query, ka janye rajistarta da Unsubscribe. A Thunderbird ana yin wannan ta Subscribe, idan ka danna dama a kan sunan asusun.

Saura ninkin da babu shi a sabar, kuma ba salon nuni ba ne. Wannan daga fayilolin kwamfutar yake. A cikin ma'ajiyar Thunderbird akwai Mail da ImapMail. Kowace folda fayil biyu ce: ɗaya ba shi da ƙarshe, shi ne saƙonnin kansu, ɗaya mai ƙarshen msf, shi kuma jerin sunaye ne kawai da za a iya sake ginawa. Fara da danna dama a kan foldar, Properties, sai Repair Folder. In bai yi ba, rufe manhajar, ka nemi folderCache.json, ko panacea.dat a tsofaffin fitowa, ka sauya masa suna. Thunderbird za ta gina sabo idan ta tashi.

Wani lokaci folda mai suna nstmp ko nstmp-1 ce za ta bayyana cike da kwafin saƙonninka. Fayil ne na wucin gadi da Thunderbird ke buɗewa lokacin da take matse folda don rage girmanta. Idan aka ɗauke wuta ana cikin aikin, ko manhajar kariya daga bairos ta riƙe fayil ɗin, sai ya tsaya a nan. Masu aiki da kwamfutar tebur babu batirin ajiya sun fi kowa ganin sa. Kafin ka goge, buɗe ainihin foldar ka tabbata saƙonninta suna nan daga farko har ƙarshe, domin in ita ce ta lalace, nstmp ɗin ne zai cece ka. Haka nan kada a ajiye ma'ajiyar Thunderbird cikin Dropbox ko OneDrive. Idan suka ga fayil ya sauya a wuri biyu sukan yi masa kwafi da sabon suna, Thunderbird kuma ta ɗauki kwafin a matsayin sabuwar folda.

Bayan haɗe foldoji biyu za a iya samun saƙonnin da suka maimaitu a cikin wadda ta rage. Thunderbird tana da ƙarin manhaja mai suna Remove Duplicate Messages da ke zaƙulo su ta nuna maka jerin kafin ta taɓa komai. Karanta jerin, ka sa ta kai su wata folda ta dabam maimakon ta share su kai tsaye, kuma a asusun Gmail kada ka haɗa mata foldoji biyu a bincike ɗaya, domin saƙo guda mai laƙabi biyu za ta ɗauka maimaici ne.